Ɗakin Bayan Rumbu

Duk wanda ya taɓa zama a taron wayar da kai a Zurmi ko Shinkafi ko Ƙaura a shekarar nan ya san lokacin da Safwan Namadi yake zura hannu a jaka. Yakan bari sai mutane sun fara hamma, masu unguwanni sun fara duba agogo, sannan ya zaro mari, irin na ƙarfe da ake ɗaure ƙafar mutum da shi, ya maka shi a kan tebur. Ƙarar takan ta da mai gyangyaɗi.

"Wannan ba na jaki ba ne, jama'a! Na ɗan Adam ne! Wa zai ba ni aron ƙafarsa?"

A Zurmi, kullum Mai Unguwa Zakariyya ne yake miƙo tasa, wani dattijo mai farin gemu da yawan dariya. Safwan ya durƙusa ya ɗaure shi, ya ce ya taka. Dattijon ya yi tsalle biyu kamar ɗaurarriyar kaza, ɗaki ya ɗauki shewa. Daga nan Safwan ya ɗaga wani ɗan makulli sama kowa ya gani, ya murɗa sau uku, ƙarfe ya faɗi.

"Minti nawa na ɗauka? Ko ɗaya ban cika ba! To me ya hana mu?"

Tafi yakan biyo baya. Safwan yana son tafin nan, ba ya ɓoye wa kansa. Shekarunsa ashirin da takwas, yana da takardar shaida mai hatimi, kuma ƙananan hukumomi uku sun kafa kwamitin kula da masu lalurar ƙwaƙwalwa sun ba shi ragamar aikin. Shi yake tara sunaye daga unguwanni. Shi yake sa ranar da likitar ƙwaƙwalwa za ta zo daga Gusau, sau ɗaya a wata uku saboda halin da hanya take ciki. Wanda sunansa ba ya cikin jeri ba ya ganin likita.

Fom ɗin da ake shigar da suna da shi ma, shi ya tsara shi, kuma yana alfahari da layin ƙarshe: sa hannun maigida. Ya kare layin nan a gaban kwamiti da jijiyar wuya a tashe. Ya ce kada a zarge su da kutsa kai gidajen mutane, ya ce aiki sai da tsari. Ranar da ya horar da magatakarda har ya buga ƙirji ya ce musu, "Ko uwata ce ta zo ba sa hannun maigida, kada ku karɓa." Su ma sun tafa masa.

Da sakamako ya fara dawowa, unguwar Mai Unguwa Zakariyya ta kawo sifili, ba sunan mara lafiya ko ɗaya. Unguwar su Safwan a Ƙaura ma sifili ce. Wannan da hannunsa ya rubuta shi, ya zagaye shi da kyau.

Idan ya dawo gida, yakan kashe babur tun daga kwanar masallaci, ya tura shi da hannu har zaure. Maƙwabta suna cewa tarbiyya ce. Ba tarbiyya ba ce. A bayan rumbun gidansu akwai wani ɗan ɗaki da ake ajiye harawa a da, a cikinsa kuwa akwai yayarsa Ummusalma, wadda ƙarar babur take sa ta kurma ihu ta nemi hanyar gudu. Malamar firamare ce a Sakajiki. Ranar da 'yan bindiga suka shiga ƙauyen mijinta a kan babura, ita ta tsira, shi bai tsira ba. Aka dawo da ita gida ba ta barci. Sau biyu aka tsinto ta a kan layin dogo ba takalmi. A karo na uku mahaifinsu, Malam Namadi, ya tafi Kasuwar Daji ya dawo da ƙarfe a cikin buhu.

Kashe babur a kwanar masallaci, shi ne gudummawar jami'in lafiyar ƙwaƙwalwa na ƙananan hukumomi uku ga lafiyar yayarsa. Kuma idan yana tura babur ɗin, har yakan ji a ransa cewa shi mutum ne mai lura.

Wata rana bayan la'asar ya zaga ya tsuguna a bakin ƙofar, jaka a kafaɗa. Tana zaune a kan tabarma, ta miƙe ƙafar da ke cikin mari, sarƙa ta tafi zuwa wani turke a tsakar ɗaki. Tana kiran sunayen ɗalibanta ɗaya bayan ɗaya, tana dakatawa a bayan kowane suna kamar mai jiran amsa.

"Sannu, Yaya."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Safwan Namadi."

"Na'am."

"Ka makara."

"Aiki ne, Yaya. Daga Zurmi nake."

"Kullum da dalilinka. Tun kana aji ɗaya." Ita ta koya masa baƙaƙe, da tsinke a kan ƙasar tsakar gida, tun kafin a kai shi makaranta. Ya gyara zama, jakar ta motsa, ƙarfe ya yi ƙara a ciki. Ta karkata kai. "Mi ke kuka cikin jakarka?"

"Kayan aiki ne."

"Kayan aiki," ta maimaita, ta gyaɗa kai kamar ta karɓi amsar da ba ta cika ba. Ta koma kan kiran suna.

Ba za a ce Safwan bai yi magana ba. Ya yi. Saura kwana goma likita ta zo, ya sami mahaifinsa a zaure da fom a hannu, ya durƙusa, ya fara da alƙaluma. Ya kawo abin da bincike ya nuna. Ya kai ga haƙƙin ɗan Adam. Malam Namadi ya bar shi ya gama, yana jan carbi.

"Ka ƙare?"

"Na ƙare, Baba."

"To. Ranar da anka tsinto ta bisa layin dogo, kana ina?"

"Ina Shinkafi, wajen taro."

"Madalla. Ni na ɗauko ta a kafaɗa. Kana so in bar ta ta faɗa rijiya don takardarka ta yi kyau? Mu munka haife ta, Safwanu. Ba ƙinta muke yi ba. Malam na zuwa duk Litinin yana yi mata karatu, an ce a ba shi kwana arba'in."

"An yi arba'in sau uku, Baba."

"To sai a yi na huɗu. Kuma ka manta da ƙanwarka? An sa ranar Hamdiyya. In na sa hannu ga wagga takarda, gobe sunan gidana yana ofis, jibi yana kasuwa. Wa zai ɗauki ɗiya daga gidan da anka ce akwai hauka cikin jini? Bari a gama biki." Ya ja carbi biyu, ya ƙara da cewa, ba tare da ya ɗago ba, "Makullin ma ban san inda ya shiga ba. Tun ranar da anka yi yaɓen ɗaki nake nema."

Abin kunya shi ne, Safwan ya ji wani sanyi a ransa. Makulli ya ɓace. Maigida bai sa hannu ba. Me jami'i zai yi? Dokar a rubuce take, kuma shi ya san wanda ya rubuta ta mutum ne mai tsauri.

Ya gwada mahaifiyarsu. Inna Kulsumu ba ta taɓa kiran sunan Ummusalma ba tun da ta haife ta, saboda kunyar 'yar fari. A da takan ce "malamar nan". Yanzu takan ce "ta bayan rumbu". Ita take kai mata tuwo, ita take kwashe kwanon bayan gida, ita take cusa tsumma tsakanin ƙarfe da fata kowace safiya, ta fito tana share ido da gefen zane.

"Inna, ki yi wa Baba magana."

"In ce mi? Ni da ko sunanta ba na iya faɗa, ni zan tsaya gaban Malam in yi gardama a kanta? A ce na rasa kunya da tsufana? Kai da anka kai boko, ba kai ne mai baki ba?"

"Na yi, bai ji ba."

"To ka yi haƙuri a gama bikin ƙanwarka. Kwana nawa ne?"

Kwana ɗari da huɗu ne. Safwan ya lissafa, don shi mutum ne mai son alƙaluma.

Likita ta zo ranar da aka sa. Ta duba mutum goma sha ɗaya. Safwan ya yi ta kai da kawowa da farar riga, yana jera mutane, yana yi wa wani magidanci daga Shinkafi faɗa a kan ya makara da kawo ƙaninsa. "Wata biyar kana kallonsa a ɗaure! Ba ka tsoron Allah?" Mutumin ya sunkuyar da kai. Da yamma likita ta yaba wa Safwan, ta ce da kowace shiyya tana da irinsa da an wuce wurin. Ya kashe babur a kwanar masallaci, ya tura shi gida.

Damina ta sauka. Rufin ɗakin bayan rumbu na kara ne da ƙasa, ya fara yoyo ta kusurwa biyu. Marin ya yi tsatsa. Idon sawun Ummusalma ya kumbura har tsumman Inna ya daina shiga. Fata ta saɓule, ta yi ruwa, ta koma wani launi da Safwan ya san sunansa a littafi. Ya sayo man shafawa da bandeji ya ba Inna, ya yi mata bayanin yadda ake sakawa, dalla-dalla, daga tsakar gida. Bandeji ba ya zagaya ƙafar da ƙarfe ya riga ya zagaye.

Malam mai karatu ya fara tsayawa daga bakin ƙofa. Ya ce aljanin mai taurin kai ne, kuma warin alama ce ta yana ƙonewa. Hamdiyya ta daina shanya a igiyar baya. Wata safiya ta tare Safwan da idanu jajaye ta ce, "Yaya Safwan, don Allah ka bari a gama. Ba don ba na sonta ba." Ya ce ya gane. Kowa a gidan yana sonta. Ba a taɓa tara masoya da yawa haka a kan ƙafa ɗaya ba.

Sunayen ɗalibai suka fara raguwa. A da takan kira arba'in da wani abu, ta koma ashirin, ta koma biyar. Ranar da Safwan ya lura ba ya jin komai daga bayan rumbu, yana zaune ne yana rubuta jawabin da zai yi a kan illar yin shiru. Ya ajiye biro, ya saurara, ya ce a ransa wataƙila barci take yi, ai barci alama ce mai kyau. Ya ci gaba da rubutu. Jawabin ya yi kyau ƙwarai.

Saura kwana uku likita ta sake zuwa, saura mako biyu biki, matan gidan ango suka kawo lefe. A cikinsu akwai gwaggon ango, Nas Asiya, wadda take aiki da Safwan a kwamiti, mace mai shekara hamsin da ba ta iya rage murya ba. Ana cikin buɗe akwatuna ta ce za ta zaga. Ta daɗe.

Washegari ta shigo ofishinsa ta rufe ƙofa, ba ta zauna ba.

"Ranka ya daɗe jami'i."

"Hajiya, ina kwana. Kin ga jerin sunayen..."

"Na ga jeri. Na kuma ga ƙafa. Safwanu, ni na yanke maka cibiya, don haka ka rufe mini baki in gama. Tsutsa ce a ƙafar nan. Jikinta kamar garwashi. In ta ƙara mako guda cikin wancan ƙarfe, ba ɗakin bayan rumbu za ku riƙa zagayawa ba, maƙabarta ce."

Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Maigida bai sa hannu ba."

Ta dube shi har sai da ya ji kalmar ta dawo kunnensa.

"Kuma ana tsoron maganar bikin," ya ƙara a hankali. "Kada danginku su ji."

"Su ji?" Ta yi wata gajeriyar dariya. "Wata bakwai tana kiran sunayen yara, ana ji har layin bayanku. Mai kitso ta sani. Mai ƙosai ta sani. Ango ya sani tun kafin ya aiko, ya ce shi Hamdiyya zai aura. Duk unguwa mun sani, mun yi shiru, mun ce ai akwai jami'i cikin gidan, ya fi mu sanin abin da ya dace. Kai muke jira. Jibi da safe zan zo da mota. In na same ta da ƙarfe a ƙafa, da kaina zan miƙe a taronka in faɗa."

Bai san wanne ya fi motsa shi ba, tsutsar ko taron. Ya daɗe yana fatan tsutsar ce.

A ranar ya hau babur zuwa Kasuwar Daji, wajen Isah maƙeri, inda ya sayi marin da yake wasa da shi a taro. Ya same shi yana dukan bakin garma. Bayan gaisuwa Safwan ya rage murya, ya ce akwai wani mari da makullinsa ya ɓace, yana so a zo da guduma da kurfi a yanke, amma a hankali, ƙafar tana ciwo.

"Na wa?"

"Na wani gida ne."

"Na Malam Namadi dai," in ji Isah, bai daina bugu ba. "Ni na ƙera shi. Mi za a yanke? Ba na sayar maka da ɗan'uwansa ba?"

"Ka sayar."

"Da makulli?"

"Da makulli."

Isah ya ajiye guduma ya dube shi kamar mai duban wanda ya zo tambayar hanyar gidansu. "Malam, ni makullina ɗaya ne. Tun zamanin babana ƙira ɗaya muke yi, don in wani ya yar da nasa ya ara wajen maƙwabci. Duk marin da ya fita daga wagga maƙera, daga nan har Zurmi, makulli ɗaya ke buɗe shi. Ba ka taɓa gwadawa ba?"

Jakar tana rataye a kafaɗar Safwan. Ya ji nauyinta. Ya lissafa, don ba ya iya daina lissafi: taro ashirin da shida. Sau ashirin da shida ya ɗaga makullin nan sama, ya kwance ƙafar mai lafiya, aka tafa masa. Sau ɗari da wani abu ya tsuguna a ƙofar ɗakin bayan rumbu da shi a jikinsa.

"A'a," ya ce. "Ban taɓa ba."

Ranar Alhamis da hantsi, motar haya ta tsaya a ƙofar gida, Nas Asiya a gaba. Safwan ya ratsa tsakar gida bai tsaya ba. Warin ya tare shi tun daga rumbu. Wannan karon bai tsuguna a bakin ƙofa ba, ya shiga. Ummusalma tana kwance a gefenta, leɓunanta sun tsage. Ya kama ƙafar, ya sa makulli. Tsatsa ta riƙe. Ya ɗiga man babur, ya sake gwadawa. Murɗa uku. Ƙarfe ya buɗe, ya taho da fata.

Ko minti ɗaya bai cika ba. Ba wanda ya tafa.

Da ya fito da ita a hannu, ba ta kai nauyin rabin buhun gero ba, ya tarar da Malam Namadi a tsaye a tsakar gida.

"Da izinin wa?"

Safwan yana da jawabi a kan wannan ma. Ya neme shi ya rasa.

"Baba, dubi ƙafarta."

"Na ce da izinin wa?"

"Ka dube ta kawai, Baba. In ka duba ka ce in mayar, zan mayar."

Ƙarya yake yi, ko kuma yana fatan ƙarya yake yi. Malam Namadi ya kai wata biyu bai zaga bayan rumbu ba. Ya sauke ido. Ya daɗe a wurin. Carbin ya tsaya a hannunsa. Bai ce a tafi ba, bai ce a mayar ba, sai ya ja da baya ya jingina da bango.

Inna Kulsumu ta fito daga ɗaki da hijabi a hannu. Ta zura wa ɗiyarta, ta gyara mata wuya, ta shafa goshinta. A gaban mijinta, a gaban baƙuwa, a gaban Hamdiyya da ke leƙe ta labule, ta ce, "Ummusalma. Ummusalma, buɗe ido, Inna ce."

Shekara talatin da huɗu ba a ji sunan a bakinta ba. Ummusalma ta buɗe ido ta ce, "Na'am," kamar ɗalibar da aka kira a aji.

A asibiti, magatakarda Hafizu yana zaune a tebur da tarin fom. Ya miƙe da ya ga ogansa. Ya karɓi takardar, ya bi ta da yatsa har ƙasa, ya tsaya.

"Oga, ba sa hannun maigida."

"Ka shigar da ita, Hafizu."

"Oga, ko gwada ni kake yi?" Ya yi murmushin ɗalibin da ya gano tarko. "Kai ka ce ko uwarka ce."

A bayansu mutane sun fara miƙa wuya. Safwan ya tsaya da baki buɗe a gaban mafi ƙwazon ɗalibansa. Nas Asiya ta fara naɗe hannun riga. Sai wata murya ta fito daga kan bencin da aka kwantar da mara lafiya.

"Ba ni biro."

Hafizu ya dubi Safwan, ya miƙa. Ummusalma ta ɗora takardar a cinya. Ta ja layi ɗaya a kan kalmar "maigida", miƙaƙƙe, irin wanda malamai ke ja a kan amsar da ba daidai ba. A samansa ta rubuta sunanta, harafi bayan harafi, kowanne a tsaye. Ta miƙa wa ƙaninta biron ba tare da ta dube shi ba.

"Ka gyara sauran," ta ce.

Likita ta duba ƙafar kafin ta duba komai. Ta tambayi tsawon lokacin, Safwan ya faɗa. Ta tambayi unguwar, ya faɗa. Ta ce wane ne ya tattara sunayen wannan unguwar? Nas Asiya ta juya kai ta dubi Safwan. Likita ta cire tabarau, ta dubi farar rigarsa, ta mayar.

"Da an kawo ta zuwan da ya wuce," ta ce, "wanki da ƙwayoyi sun isa."

A Gusau aka yanke ƙafar, ɗan sama da idon sawu.

Hankalin kuwa, wanda aka ce aljani ne mai taurin kai, mako shida na magani da zama da likita ya fara dawowa. Ta yi barci. Ta yi kukan mijinta, irin kukan da ake yi a gama. Har yanzu takan firgita idan babur ya wuce, amma takan riƙe gefen gado ta ce, "Babur ne," ta saki. An yi bikin Hamdiyya a ranar da aka sa. Ba wanda ya fasa, ba wanda ya yi gori, gwaggon ango ce ma ta fi kowa rawa. Asirin da aka biya da ƙafa, ashe ba mai nemansa.

Malam Namadi ya je dubiya sau ɗaya. Ya zauna a baranda ya ce Allah ya ƙaddara. Safwan ya yarda da ƙaddara. Amma ya san ba ita ce ta je Kasuwar Daji da buhu ba, ba ita ce ta ce a bari a gama biki ba, kuma ba ita ce ta zauna a ofis ta tsara fom mai layin ƙarshe ba. A gidan nan ba a rasa mai tausayi ba, ba a rasa mai ilimi ba, ba a ma rasa makulli ba. Kowa ya sami wanda zai jira. Uba yana jiran malam, uwa tana jiran uba, unguwa tana jiran jami'i, jami'i yana jiran sa hannu. Ƙarfe ne kaɗai bai jira kowa ba.

An cire layin daga fom. Safwan ne ya kawo shawarar, kuma sai da ya danne kansa da ƙyar don kada ya yi dogon jawabi a kai.

Da taron Zurmi ya zagayo, tun kafin ya gama gaisuwa wani ya ɗaga murya daga baya, "Malam, a yi mana na marin!" Aka yi dariya. Mai Unguwa Zakariyya har ya fara tattare wando.

Safwan ya ciro marin ya ajiye a hankali. Bai nemi aron ƙafa ba. Ya faɗa musu sunan yayarsa, da sunan unguwarsu, da sifilin da ya zagaye da hannunsa. Ya faɗa musu abin da Isah maƙeri ya ce game da makulli. Bai kai minti biyar ba ya zauna. Ba a tafa ba. Ya lura da hakan, ya kuma lura cewa ya lura, ya ji haushin kansa.

Mutane suka watse shiru. Yana ɗaure jaka a bayan babur sai ya ji an tsaya kusa da shi. Mai Unguwa Zakariyya ne, ba dariya a fuskarsa. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi hanya, ya tambayi mai jiki. Sannan ya dubi hagu ya dubi dama.

"Wancan makullin," ya ce. "Da gaske kowanne yake buɗewa?"

"In dai na Isah ne."

"Na Isah ne." Ya shafa gemu. "Ba nawa ba ne, ka gane. Na wani gida ne. Ko za ka ara mini zuwa bayan girbi, in an natsu..."

Safwan ya san muryar nan. Shi ma da irinta ya yi wata bakwai yana magana.

"Ba na ba da aro, Baba," ya ce. Ya juya ya kira Nas Asiya da ke shirin shiga mota, ya ce ta ɗauko jakar wanke ciwo. Sannan ya zare makullin babur ya sa a aljihu, ya kama hannun dattijon. "Da ƙafa za mu je. Wane layi ne?"